Yadda za ka yi yini guda a kan keke a ƙauyukan Kogin Loire, daga Saumur zuwa Fontevraud

Duk wanda karatu ko aiki ko ziyarar ɗan'uwa ta kai shi Faransa, yawanci a Paris yake maƙalewa, ya yi ta shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa yana fita, har ranar komawa ta zo bai ga gona ko ɗaya ba. Ni kuwa a ganina, wanda bai yi yini a ƙauye ba bai ga ƙasar ba. Hanya mafi sauƙi kuma mafi araha ta yin hakan ita ce keke, kuma wurin da na fi ba baƙo shawarar ya fara shi ne bakin Kogin Loire, tsakanin garin Saumur da ƙauyen Fontevraud. Zuwa da dawowa kusan kilomita 40 ne. Wanda ya taɓa zuwa makaranta ko gona a kan keke ba zai ga wahalarta ba. Abin da ke ɓata wa baƙo wannan yini ba gajiyar ƙafa ba ne, rashin sanin agogon ƙauye ne: yaushe ake rufe gidan burodi, yaushe abinci yake ƙarewa, ina ake samun ruwa, daga wane ɓangare iska take busowa.

Loire shi ne kogi mafi tsawo a Faransa, ya haura kilomita 1,000. An shimfiɗa masa hanyar keke mai suna La Loire à Vélo, mai tsawon kimanin kilomita 900, daga kusa da garin Nevers har bakin Tekun Atlantika. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sanya wani babban yanki na kwarin cikin wuraren tarihi na duniya, kuma guntun da za ka bi yana cikinsa.

Zaɓen wata da rana

Mayu, Yuni da Satumba su ne watannin da suka fi dacewa. A Yuli da Agusta jama'a sun yi yawa saboda hutu, kuma akan yi kwanakin zafi mai tsanani. Kada ka ce kai ɗan Sakkwato ne ko ɗan Agadas, zafin Turai ba zai yi maka komai ba. Mai tuƙa keke a tsakar gonakin inabi, inda babu inuwa, zufa yake zubarwa ko daga ina ya fito. A Satumba ana tsinkar inabi, za ka riƙa haɗuwa da taraktoci a ƙananan hanyoyi, ka ba su wuri.

Ranar mako ma tana da muhimmanci. Asabar ce ta fi, domin da safe kasuwar Saumur take ci a tsakiyar gari, kana iya yin guzuri kafin ka tashi. Lahadi da safe akwai kasuwa a Montsoreau, wani ƙauye da ke kan hanyarka, kuma Lahadi ta biyu a kowane wata ana baje kolin tsofaffin kaya a bakin kogin, amma daga azahar shaguna sun rufe. Litinin kuwa ka guje ta in da hali, ranar hutun masu ƙananan shaguna ce a ƙauyuka da dama.

Isa Saumur da karɓar keke

Jirgin ƙasa ne zai kai ka. Daga Paris ana tashi a tashar Montparnasse, a sauya jirgi a Tours ko Angers, a hau ƙaramin jirgin yanki da ake kira TER. Ya fi kyau ka kwana a Saumur ko ɗaya daga garuruwan nan biyu, don ka fara da sanyin safiya. Tashar Saumur tana arewacin kogi, gari kuma yana kudu, saboda haka sai ka tsallaka gadoji biyu da wani tsibiri a tsakaninsu. Tun kana kan gada za ka hango fadar Saumur a bisa tudu, fara fat.

Ka kama keken haya tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ta waya ko ta intanet. Za a nemi katin shaidarka, wasu kuma su riƙe kuɗin ajiya a katin banki. Shagon da ka ga alamar Accueil Vélo a ƙofarsa, ya saba da matafiya masu keke. Akwai keke mai batir wanda injinsa ke taimaka maka har gudun kilomita 25 a awa. Ya fi tsada, amma in kana tare da dattijo ko wanda ya daɗe bai hau keke ba, kuɗin ba su tafi a banza ba, domin akwai hawa biyu ko uku a hanyar.

Kada ka karɓi keke ka wuce kai tsaye. Ka matsa birkin gaba da na baya, ka danna tayoyi da babban yatsa, ka kaɗa ƙararrawa, ka zaga layi sau ɗaya kana sauya giya ka ji ko kaca tana tsalle. Sai sirdi, wanda shi ne abin da mutanenmu suka fi sakaci da shi. Mun saba hawa keke sirdi a ƙasa, ƙafa biyu suna taka ƙasa, wannan kuwa bayan kilomita goma gwiwa za ta fara ƙorafi. Ka zauna, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe sosai, tsayin ya yi. Ka tabbata an ba ka kwaɗon kulle keke, famfon iska, tiyub na ko-ta-kwana da kayan faci, da jakar da ake ratayawa a kariya. Jakar goyo tana jiƙa baya da zufa, a bar wa keke ya ɗauki kayan. Ka rubuta lambar wayar shagon da lokacin da suke rufewa.

Mai doguwar riga ko zani ta nemi keke marar sandar tsakiya, ta sa wando a ciki, ta kuma tattare bakin rigar da mayafi don kada su shiga kaca ko taya. Namiji mai faffaɗan wando ya cusa ƙafar dama cikin safa.

Dokokin da za su shafe ka

Dama ake bi, kamar a Nijeriya da Nijar, wannan ba sabon abu ba ne. Sabon abu shi ne a mahaɗar da babu wata alama, wanda ya fito daga damanka shi ke da hanya, ko da lungu ne ya fito. A cikin ƙauyuka da dama haka abin yake, kuma direba zai fito da gaba gaɗi don ya san doka tana bayansa. Ka rage gudu a kowace kusurwa.

Haramun ne a doka ka sa abin sauraro a kunne ko ka riƙe waya kana tuƙi, tarar ta kai yuro 135. Yaro ɗan ƙasa da shekara 12 dole ya sa hular kwano, ko shi ke tuƙi ko goya shi aka yi. Babba ba dole ba ne, amma ka sa. Mota kuma doka ta ce ta bar maka mita ɗaya a cikin gari, mita ɗaya da rabi a wajen gari. Lambar gaggawa 112 ce.

Guzuri, da abin da za ka kiyaye a abinci

Nan ya kamata Musulmi ya buɗe ido sosai, don abincin gargajiyar wannan yanki alade ya yi masa yawa. Abin da ake kira rillettes, wani dakakken nama mai kitse da ake shafa wa burodi, yawanci na alade ne. Haka rillons, jambon, lardons da saucisson. Akwai wani ƙaramin burodi da ake gasawa a tanderun itace, fouée, yana fitowa a kumbure da zafinsa, a tsaga shi a cusa masa abu a ciki. Shi kansa burodin babu matsala, amma abin da aka fi cusa masa rillettes ne. Ka ce a sa maka cukun akuya ko man shanu ko naman kaza, wato lemar kwaɗi irin wadda ake ci. Miyar kifi ma sau da yawa da barasar inabi ake haɗa ta, saboda haka ka tambaya. In ka ce “sans porc, sans alcool”, wato ban da alade, ban da barasa, an gane ka. Mutanen Nijar da Kamaru da Chadi ba sa bukatar a koya musu wannan.

Mafi kwanciyar hankali shi ne ka yi guzurinka da kanka a kasuwa: dogon burodi guda, cukun akuya na Sainte-Maure mai siffar gungume da kara a tsakiyarsa, tumatir, dafaffen ƙwai ko gwangwanin kifi, da 'ya'yan itacen da ke yayi. Ka haɗa da 'yar wuƙa. Duk shagon da ka shiga, ka fara da “Bonjour” kafin ka nuna abin da kake so. Bafaranshen ƙauye yana jin zafin a shigo masa ba gaisuwa, kuma yadda za a karɓe ka ya rataya a kan wannan kalma ɗaya.

Ka sayi komai kafin sha biyu da rabi. Daga nan gidajen burodi da ƙananan shaguna sukan rufe sai wajen uku. Gidajen abinci kuma daga sha biyu zuwa biyu suke ba da abincin rana. Ka zo biyu da rabi, za a ce maka an rufe kicin, ko da kujeru a jere babu kowa.

Ruwa, ka tashi da lita ɗaya da rabi aƙalla. In ya ƙare, kusan kowace maƙabartar ƙauye tana da famfo kusa da ƙofa, don masu ba furanni ruwa, kuma masu keke sun daɗe suna cika gorarsu a nan. Ka duba kawai kada a ce an rubuta “eau non potable”, wannan ba na sha ba ne, amma ya yi alwala.

Daga Saumur zuwa Montsoreau

Ka tashi wajen ƙarfe tara. Ka bi bakin kogi ka nufi gabas, kana bin ƙananan alluna masu kore da fari da hoton keke. Akwai babban titi mai lamba D947 da ya nufi inda za ka, kada ka yarda taswirar waya ta jefa ka a kansa. Motoci suna gudu a wurin, kuma duk abin da ka zo gani yana gefe.

Bayan Dampierre hanya tana ba ka zaɓi: ko ka ci gaba ta ƙasa kusa da ruwa, ko ka hau ta jikin tudu. Ka hau da safe, ƙarfinka yana nan, ka bar ta ƙasa don dawowa. A Souzay-Champigny hanyar keke tana kutsawa cikin dutse, ta bi ta wasu koguna da hannun mutum ya sassaƙa. Tudun nan duka wani farin dutse ne mai laushi da ake kira tuffeau, har da farce kana iya kankare shi. Shekaru aru-aru ana yanko shi ana gina fadoji da majami'u, ramukan da aka bari kuma talakawa suka mayar da su gidaje. Za ka ga ƙofa da taga a jikin dutse, labule a rataye, bututun hayaƙi kuma ya ɓullo can sama a tsakiyar ciyawa, inda wani yake noman inabi a kan rufin maƙwabcinsa. Ka sauka daga keke a nan ka tura shi. Ka ɗora tafin hannu a bango, za ka ji sanyi irin na tsohon soron ƙasa da tsakar rana. Cikin kogunan nan yanayi ba ya nisa da digiri 12, rani da hunturu. Hannunka zai fito da farar ƙura. Wasu ƙofofin gidajen mutane ne da suke zaune a ciki har yau, saboda haka ban da leƙe, ban da ɗaukar hoto ta taga.

Daga nan sai Parnay, inda layin Greenwich, wanda ya raba duniya gabas da yamma a taswira, ya ratsa, layin nan da ya gangara har ya bi ta Tema a Ghana. Sai Turquant, ƙauyen masu sana'ar hannu da shagunansu a cikin dutse. A nan ake yin busasshiyar tuffa da ake kira pommes tapées: a busar da ita a tanderu kwana da kwanaki, ana bubbuga ta da 'yar guduma har ta baje. Sana'ar ta bunƙasa ne a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da wani ƙwaro ya cinye gonakin inabin Faransa, manoma suka nemi abin yi. Tsaraba ce mai kyau, ba ta da nauyi, ba ta lalacewa. Ka sayi busasshiyar, don wadda ke cikin kwalba sau da yawa a barasa aka jiƙa ta.

Yankin na masu barasar inabi ne, za ka ga alluna ana gayyatar mai wucewa ya shigo ya ɗanɗana. Ba dole a ciki. Wasu daga cikinsu suna sayar da ruwan inabi zalla wanda bai tsimu ba, jus de raisin.

In kana tafiya yadda ya kamata, kana tsayawa, sha ɗaya ta wuce kafin ka gangaro Montsoreau. Fadar garin, wadda aka gina a tsakiyar ƙarni na 15, a bakin ruwa take sosai, kuma tun 2016 ta zama gidan baje kolin fasahar zamani. Ba sai ka shiga ba. Ka zauna a bakin kogi ka kalli jiragen katako masu shimfiɗaɗɗen ƙasa, waɗanda aka ƙera haka don ruwan ba shi da zurfi a wurare da yawa.

Candes-Saint-Martin da abincin rana

Candes tana manne da Montsoreau, tafiyar minti biyar. Dukansu biyu suna cikin jerin ƙauyukan da aka zaɓa a matsayin mafi kyau a Faransa. A nan wani babban malamin Kirista, Martin na Tours, ya rasu a shekarar 397, kuma majami'ar da aka gina a wurin ta fi ƙarfin ƙauyen girma. Ka kulle keke a ƙasa, ka bi siririyar hanyar duwatsu da ta hau bayan majami'ar da ƙafa. Hawan yana sa haki, amma a sama za ka ga inda Kogin Vienne ya zubo cikin Loire, da tsibiran yashi, da rufin gidaje masu launin toka a ƙarƙashinka. Nan ne wurin cin guzuri. Ka kwashe shararka ka tafi da ita.

Gargaɗi biyu. Kada kyan yashin Loire ya ruɗe ka ka shiga wanka. Ruwan yana da ja a ƙasa, bakin yashin kuma yakan burma da mutum ba zato, ya sha cin rayuka, shi ya sa aka hana wanka a cikinsa. Na biyu, kafin ka zauna a ciyawa ka duba wani ganye mai baki kamar zarto da 'yan gashi a jiki, ortie. In ya taɓa fata yana ƙuna da ƙaiƙayi na tsawon lokaci, kuma ya cika bakin hanyoyi.

Game da salla, agogon Faransa a waɗannan watanni ya yi gaba da rana da awa biyu a wannan yanki, saboda haka azahar ba ta shiga sai wajen ƙarfe biyu. A Yuni la'asar tana kaiwa wajen shida, magariba kuma kusan goma na dare. Alƙibla tana kudu maso gabas, ta fi karkata gabas. Babu masallaci a ƙananan ƙauyukan nan. Ka ɗauki 'yar darduma mai naɗewa, ka nemi gefe mai natsuwa wanda ba gonar wani ba ne, ba kan hanya ba.

Hawa zuwa Fontevraud

Daga Montsoreau hanya ta bar kogi ta yi kudu, kimanin kilomita biyar, a hankali tana hawa. Ka sauko da giya tun kafin tudu ya kama ka, ƙafa tana juyawa da sauƙi. In ya gagara, ka sauka ka tura, babu mai kallonka.

Fontevraud ta cancanci awa biyu. Gidan zuhudu ne na Kiristoci da Robert d'Arbrissel ya kafa a 1101, maza da mata a ɓangarori daban, amma mace ce ke shugabantar su duka, kuma haka aka yi ta yi har juyin juya halin Faransa. A 1804 Napoleon ya mayar da wurin kurkuku, ba a rufe shi ba sai 1963. A tsakiyar babbar majami'ar, wadda yanzu fayau take, akwai siffofi huɗu a kwance na gidan sarautar Ingila: Sarki Henry na Biyu, matarsa Eleanor ta Aquitaine riƙe da littafi a buɗe, ɗansu Richard, da Isabella matar ƙaninsa. Wannan Richard shi ne wanda duk mai karanta tarihin Musulunci ya sani, wanda ya gwabza da Salahuddin al-Ayyubi a Falasɗinu har suka yi sulhu a 1192. Ya mutu a 1199, aka kawo gawarsa nan kusa da mahaifinsa. Tsayawa a kan wannan dutse, bayan ka iso da ƙafarka ta cikin gonaki, yana sa tarihin da ka karanta a littafi ya zama abin da ya faru da mutane na gaske. Kafin ka fita ka zagaya ka ga tsohon ɗakin girkin, mai rufin dutse kamar ɓawon kifi da bututun hayaƙi birjik. Ana biyan kuɗin shiga, lokutan buɗewa kuma suna sauyawa da watanni, ka duba shafinsu tun daren jiya.

Dawowa

Ka bar Fontevraud kafin ƙarfe huɗu da rabi. Gangarowa zuwa Montsoreau daɗi ne da ita, yatsu dai su kasance a kan birki. Daga nan ne za ka gane abin da safiya ta ɓoye maka: iskar kwarin Loire yawanci daga yamma take zuwa, wato da safe tana tura ka, da yamma kuma tana gabanka. Ka ƙara rabin awa a lissafinka. Ka bi hanyar ƙasa ta bakin kogi, inda itatuwa suke kare iska, sai dai in an yi ambaliya an sa alamar rufewa, to sai ka koma ta tudu.

In taya ta yi faci, ka matsa gefe, ka cire tiyub, ka shafa yatsa a hankali cikin tayar ka nemo ƙayar ko kwalbar da ta huda ta kafin ka sa sabo, in ba haka ba zai sake sacewa nan take. In abin ya fi ƙarfinka, ka kira shagon. Kada ka dogara da samun mai faci a bakin hanya, babu su.

Ka yi ƙoƙarin isa Saumur da sauran aƙalla rabin awa kafin shagon ya rufe, a duba keken a gabanka, a sake maka kuɗin ajiya. In a daren za ka koma Tours ko Angers, ka san lokacin jirgin ƙarshe tun da safe, ka kuma tuna akwai tafiyar kusan minti ashirin a ƙafa daga tsakiyar gari zuwa tasha.